Nahawun Holanci: Sama Da Shekara 350 Ana Ja-in-ja Tsakanin Alƙalami Da Baki

 

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninmu: shin marubuci ya rubuta yadda mutane ke magana, ko ya bi abin da littafin nahawu ya ce ko da bai taɓa jin sa a bakin kowa ba? Wasunmu na cewa ƙa'ida ƙa'ida ce, wasu kuma na cewa harshe na masu shi ne. A wannan makon mun ga ya dace mu leƙa wata ƙasa da ta yi irin wannan rigima shekaru aru-aru, har aka ga inda ta kwana. Ƙasar ita ce Holan. Harshenta, wanda za mu kira Holanci, masu shi suna ce masa Nederlands, kuma mutum sama da miliyan 20 ne suka tashi da shi a Holan da arewacin Beljiyam da ƙasar Suriname ta Kudancin Amurka.

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Holanci a yau, tun a darussan farko zai ci karo da abubuwa masu ɗaure kai. Me ya sa ake cewa de man, wato mutumin, amma a ce het huis, wato gidan? Me ya sa “su” ke da siffa biyu, hen da hun, waɗanda 'yan ƙasar kansu ke rikitawa? Daga ina harafin s mai ɗauke da waƙafi ya fito a cikin 's morgens, wato da safe? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tabon wani tsohon faɗa ne.

Littafin 1584 da rigar aro

A ƙarni na 16 Latin ne harshen ilimi a Turai, Faransanci kuma na fada da masu hannu da shuni. Holanci harshen kasuwa ne da tashar jiragen ruwa, kuma kowane gari da karinsa. A 1568 yaƙi ya ɓarke tsakanin lardunan Holan da Sarkin Sifaniya da ke mulkinsu. Mutanen da ke neman 'yancin ƙasa sai suka fara neman martabar harshensu.

A 1584 wata ƙungiyar marubuta ta birnin Amstadam mai suna De Eglentier ta fitar da littafin nahawun Holanci na farko da aka buga. Ana kiransa Twe-spraack, wato tattaunawar mutum biyu, domin an tsara shi kamar hira tsakanin abokai. Galibi ana jingina shi ga Hendrik Spiegel. Mu lura, ba gwamnati ce ta yi aikin ba, ƙungiya ce irin tamu, ta mutane masu sana'o'insu da ke haɗuwa don adabi.

Niyyarsu mai kyau ce, amma ma'aunin da suka ɗauko na aro ne. A ganinsu harshe mai daraja shi ne wanda ya yi kama da Latin. Shi kuwa Latin yana da abin da ɗaliban Larabci suka sani da li'irabi: ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, kamar yadda fa'ili ke ɗaukar rufu'a, maf'uli ya ɗauki fataha. Holancin dā yana da irin wannan tsari, sai dai a lokacin ya riga ya fara zaizayewa daga bakin jama'a. Marubutan suka ɗauki zaizayewar a matsayin lalacewa. Saboda haka suka tsara wa Holanci gidajen li'irabi shida, daidai da adadin na Latin. Daga nan rubutu ya kama hanyarsa, magana ta kama tata.

Shekara guda bayan haka, a 1585, sojojin Sifaniya suka ci birnin Antwerp, cibiyar kasuwanci da ɗab'i ta kudu. Cikin 'yan shekaru kusan rabin mutanen birnin suka watse, da yawansu suka nufi Amstadam da Leiden da Haarlem. A cikinsu akwai malamai da masu ɗab'i da masu wa'azi. Wannan hijira ta taimaka wajen sa harshen rubutu na arewa ya riƙe kalmomi da salon kudu, waɗanda talakan Amstadam ba ya faɗi a gidansa.

Mai lissafin da ya ƙera kalmomi

Daga cikin 'yan kudu da suka zauna a arewa akwai Simon Stevin, haifaffen birnin Bruges a 1548, injiniya kuma masanin lissafi. Shi ne ya rubuta ɗan littafin De Thiende a 1585, wanda ya yaɗa lissafin ɗigo-goma a Turai. Stevin ya zaɓi ya rubuta kimiyya da Holanci. Hujjarsa ita ce magini da matuƙin jirgi da mai haƙa magudanar ruwa ba su jin Latin, kuma su ne ke bukatar ilimin. A 1600 aka buɗe makarantar injiniyoyi a Leiden bisa tsarin da ya rubuta, ana koyarwa da harshen gida.

Inda babu kalma, sai ya haɗa ta daga kayan cikin gida. Lissafi ya kira shi wisconst, wato fasahar abin da yake tabbas, daga nan aka sami wiskunde ta yau. Yawancin harsunan Turai kalmar Girkanci suka ara don wannan fanni, Holanci kuwa tasa yake amfani da ita. Ana kuma jingina masa evenwijdig, “masu faɗi ɗaya”, don layuka biyu da ba sa haɗuwa, da middellijn, “layin tsakiya”, don layin da ya raba da'ira biyu.

Me ya sa kalmominsa suka rayu? Domin ya bi hanyar da harshen ya saba ƙera kalma. Holanci harshe ne mai son ɗaure kalma biyu su zama ɗaya. Asibiti ziekenhuis ne, gidan marasa lafiya. Safar hannu handschoen ce, takalmin hannu. Aikatau ma werkwoord ne, kalmar aiki. Wanda ya ji evenwijdig karo na farko ba ya bukatar ƙamus.

Hen da hun

Ga kuma ɗaya ɓangaren. A 1625 Christiaen van Heule na Leiden ya wallafa nasa littafin nahawun. A zamaninsa hen da hun duk “su” suke nufi, mutane na faɗin wadda ta zo bakinsu gwargwadon yankinsu. Shi kuma yana neman cike gidajen li'irabi, sai ya raba musu aiki. Ya ce hen ta zama ta wanda aikin ya faɗa wa kai tsaye: ik zie hen, ina ganinsu. Hun kuma ta zama ta wanda aka yi wa ko aka ba abu: ik geef hun een boek, na ba su littafi. Babban mawaƙi kuma masanin tarihi P.C. Hooft ya so ya ƙara gaba, ya kawo hum kusa da hem don “shi”. Tasa ba ta kai ko'ina ba.

Ta Van Heule kuwa ta shiga makarantu, kuma tana nan a littattafai har yau. Amma shekara 400 ba su isa su shigar da ita bakin mutane ba. A hira ta yau da kullum yawanci ze ake cewa a duka wuraren biyu. Wasu ma sun juya hun ta zama mai aikata aikin, suna cewa hun hebben, suna da, maimakon zij hebben, abin da masu kishin ƙa'ida ke ji kamar an soka musu allura. Ɗalibin Holanci a yau yana haddace dokar da mutum ɗaya ya ƙirƙira a teburinsa, sannan ya fita titi ya tarar ba mai bin ta sai a takarda.

Kai, ke, ku da ranka ya daɗe

A taron malaman coci da aka yi a Dordrecht daga 1618 zuwa 1619 aka yanke shawarar fassara Baibul daga Ibrananci da Girkanci. Majalisar ƙasa ta ɗauki nauyi, aka tara masu fassara daga larduna daban-daban a Leiden, littafin ya fito a 1637 da sunan Statenbijbel. Da yake an so kowane lardi ya karɓe shi, sai da suka zauna suka daidaita kan kalmomi da rubutu. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi gardama a kai tun a taron shi ne da wane wakilin suna za a kira Ubangiji: tsohuwar kalmar du, ko gij? Du ita ce “kai” ta asali, wadda Jamusanci ke riƙe da ita har gobe, amma a Holan ta riga ta tsufa. Gij ta yi rinjaye, du ta fita daga daidaitaccen harshe.

Gij ta mamaye rubutu sama da ƙarni biyu, amma mutanen Holan a gidajensu jij da je suke cewa. Da suka bukaci jam'i sai suka liƙa wa je wata kalma mai nufin “mutane”, aka sami jullie, wato ku. Don girmamawa kuma u ta samu gindin zama, kuma masana da dama na ganin salon wasiƙu na Uwe Edelheid, mai kama da “mai martaba”, ya taimaka mata. Wannan ne tsarin da ɗalibi ke koya yanzu: jij ga aboki da yaro, u ga dattijo da baƙo, jullie ga jama'a. Ita kuwa gij, a kunnen ɗan Amstadam kalmar wa'azi ce da tsofaffin littattafai. Amma tsallaka iyaka zuwa Antwerp, za ka ji ana ge da gij tsakanin abokai a shagon shayi. Kalma ɗaya, a nan ta mumbari, a can ta zaure.

Lokacin da gwamnati ta shigo

A 1804 gwamnatin Holan ta amince da ƙa'idar rubutu ta farko a hukumance, wadda Farfesa Matthijs Siegenbeek na Leiden ya tsara. A 1805 nahawun Pieter Weiland ya biyo baya. Bayan Beljiyam ta ɓalle a 1830 ta yi tata ƙa'idar daban a 1844. Abin da ya sake haɗa ƙasashen biyu shi ne aikin ƙamus. Matthias de Vries da L.A. te Winkel sun ɗauki nauyin babban ƙamus na harshen, sai suka ga ba zai yiwu ba sai da rubutu guda. Te Winkel ya fitar da tushen ƙa'idojin a 1863, Beljiyam ta karɓa a 1864, gwamnatin Holan a 1883. Shi kansa ƙamus ɗin, kashinsa na farko ya fito a 1864, ba a kammala shi ba sai 1998, cikin mujalladi 40. Waɗanda suka fara shi, ko jikokinsu da wuya su ga ƙarshensa.

Sai dai ƙa'idar ta riƙe tsohon nauyi. Holancin dā jinsi uku gare shi: namiji, tamace, da na uku wanda ba namiji ba mace. A arewa namiji da tamace sun narke sun zama ɗaya a magana, duka suna ɗaukar de, na ukun ya riƙe het. Irin haka ba baƙo ba ne gare mu, domin a Hausar Gana ma bambancin namiji da tamace ya yi rauni ƙwarai. Amma ƙa'idar rubutu ta ce idan suna namiji ne kuma shi ne karɓau, dole a rubuta den. Sai a rubuta ik zie den man, alhali kowa de man yake faɗi. Ga mutum abin da sauƙi. To kujera fa, ko cokali, ko titi? Yaro ba ya jin jinsinsu a bakin uwarsa, sai ya duba jerin kalmomi ya haddace. Manya ma da littafin jerin a gefen teburinsu suke rubuta wasiƙa.

Marubuta ne suka fara tawaye. Eduard Douwes Dekker, wanda aka sani da Multatuli, ya fitar da Max Havelaar a 1860, labarin zaluncin da mulkin mallakar Holan ke yi wa manoman tsibirin Java. Littafin ya girgiza ƙasar saboda abin da ya tona, kuma marubutan da suka biyo baya sun koyi wani abu daga salonsa: ana iya rubuta magana mai nauyi da harshen da ke kusa da na baki. A 1891 wani malamin makaranta, R.A. Kollewijn, ya rubuta maƙala mai suna Onze lastige spelling, wato rubutunmu mai wahalarwa, ya nemi a zubar da duk abin da ba a furtawa kuma ba ya aikin komai. Aka yi masa ca, aka ce zai talauta harshe. Sai a 1934 ministan ilimi Marchant ya shigar da wani ɓangare na gyaran makarantu: zoo ta koma zo, mensch ta koma mens, visch ta koma vis. A 1946 a Beljiyam, da 1947 a Holan, aka tabbatar da gyaran a hukumance, rubuta den ya zama ganin dama. Da aka cire tilas, sai ta mutu da kanta. Kollewijn ya rasu a 1942, bai ga wannan rana ba.

Li'irabin bai tafi duka ba, ya bar sawu a cikin kalmomin da suka daskare. 's Morgens gajarta des morgens ce. Birnin da muke ji a labarai da sunan Hague, masu shi Den Haag suke ce masa, ga tsohuwar den a zaune. Haka sunayen iyali masu van den da van der da muke gani a rigunan 'yan ƙwallo. Ɗalibi ba ya bukatar dokarsu, haddace su yake yi ɗaya-ɗaya.

In muna son ganin inda bakin mutane ke kai harshe idan littafi ya yi nisa da shi, mu dubi Afirka ta Kudu. Holanci ya sauka can a 1652, ya cakuɗu a bakin Turawa da 'yan ƙasa da bayin da aka kawo daga Asiya da wasu sassan Afirka, ya zama Afrikaans. A can de da het duk sun koma die, aikatau kuma ba ya sauyawa: ek is, jy is, hy is. Wani abin sha'awa gare mu, daga cikin rubuce-rubucen farko na wannan harshe akwai waɗanda Musulmin birnin Cape Town suka yi da haruffan Larabci, irin ajaminmu. Littafin Bayan al-Din na Abubakar Effendi, wanda aka buga a Istanbul a 1877, yana cikinsu. Sai a 1925 aka amince da Afrikaans a hukumance.

Abin da babu wanda ya kafa wa doka

Duk tsawon wannan rigima, ainihin ƙashin bayan harshen yana nan ba mai gardama a kansa. Aikatau a jimlar Holanci matsayi na biyu yake zama. Ik ga morgen naar school, zan tafi makaranta gobe. In ka fara da “gobe”, aikatau ba ya matsawa, mai aikin ne ke komawa bayansa: morgen ga ik naar school. In jimlar ta rataya ga wata, sai aikatau ya koma can ƙarshe: omdat ik morgen naar school ga, saboda zan tafi makaranta gobe. Ƙirga ma daga baya ake farawa, 21 eenentwintig ne, ɗaya da ashirin. Half drie kuma ba uku da rabi ba ne, biyu da rabi ne, wato saura rabi uku ta cika. Ɗan shekara shida ya iya waɗannan duka ba tare da bulala ba.

Sannan akwai ƙananan kalmomi: maar, even, eens, toch, hoor. Kom binnen umarni ne, shigo. Kom maar binnen kuwa gayyata ce, shigo mana. Ga even zitten, ɗan zauna. Ɗafin -je da ke ƙanƙanta suna shi ma tausasa magana yake yi: een kopje thee, ɗan kofin shayi, ko da kofin babba ne. Duk sunan da ya ɗauki -je kuwa het yake bi, shi ya sa yarinya het meisje ce. Baƙon da ya haddace hen da hun amma bai iya maar da even ba, za a ji maganarsa a bushe kamar takardar sammaci. Mu da muke da dai, fa, ma, kam, mana da kuwa mun san wannan sarai. Ku cire su daga hirar taurarin labarinku ku ji yadda za ta koma.

Shin wannan na nufin a watsar da ƙa'ida?

A'a. Holanci ya riƙe dokokin rubutu da kunne ba ya ji. Ik word da hij wordt furucinsu ɗaya ne, amma ana rubuta t a na biyun, domin ana jin ta a ik loop da hij loopt, ina tafiya, yana tafiya. Ana rubuta hond, kare, da d ko da yake t ake furtawa, saboda jam'insa honden ne. Ɗalibai na kuka da dokar, amma ta tsaya, domin tana nuna wani abu da ke cikin harshen da gaske. Mu ma haka muke rubuta “rigar sarki” da “gidan Bala”, alhali da yawanmu “rigas sarki” da “gidam Bala” muke furtawa. Wannan ƙa'ida ce mai saiwa, tana sa Basakkwace da Bakano da Badamagare su karanta shafi ɗaya ba tare da tuntuɓe ba.

Holan da Beljiyam sun ga amfanin haka har suka kafa hukumar harshe ta haɗin gwiwa, Taalunie, a 1980, Suriname ta shiga a 2004. Rigima dai ba ta ƙare ba. A gyaran 1995 aka ƙara n a pannekoek, wata irin fanke, ta zama pannenkoek, mutane suka yi ta surutu. Bayan gyaran 2005 wasu manyan jaridu suka ƙi bin jerin kalmomin hukuma, suka koma ga wani daban.

Idan muka jera waɗannan mutane, za mu ga duka masu kishin harshensu ne. Stevin ya saurari yadda harshen ke ƙera kalma, aikinsa na bakin yara har yau. Van Heule ya auna harshensa da na wasu, ya bar wa jikoki dokar da ba ta zauna ba. Masu den sun wahalar da 'yan makaranta zuriya bayan zuriya kafin a sauke musu kayan.

Saboda haka kafin mu gyara wa ɗan uwa rubutu, ko mu ƙi gyaran da aka yi mana, mu tambayi kanmu daga ina dokar ta fito. In daga cikin Hausa take, irin raba kalma da haɗe ta, da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da ke raba “ɓari” da “bari”, to mu koye ta mu bi ta ko da wuya. In kuwa daga ginin jimlar Turanci ko Larabci muka kwaso ta don rubutunmu ya yi kama da na masu ilimi, mu karanta jimlar da ƙarfi a gaban wata tsohuwa a gidanmu. In ta ce “me ka ce?”, mu koma mu sake.